Darasi na 14: Toroƙon Teku da Lilon Ruwa

Manufar Darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda iska ke tara ruwa a gefe guda har ya haura gaɓa;
2. faɗin abin da ke sa ruwan ya koma ya sake dawowa bayan iska ta kwanta;
3. lissafa lokacin da ruwan tafki ke ɗauka kafin ya je ya dawo;
4. kawo matakan da mai zama ko mai sana'a a bakin ruwa zai ɗauka.

Gabatarwa

Wanda ya hau Dutsen Dala ya waiga ko'ina, abin da zai gani rufin gidaje ne da hasumiyoyin masallatai da Goron Dutse can gefe. Teku kam babu ko alamarsa. Daga Kano zuwa bakin ruwa a Legas tafiyar kilomita wajen 1,000 ce, birnin kuma a tudu yake, ya ɗara fuskar teku da fiye da mita 450. Don haka ba laifi in ɗalibi ya ce: ina ruwan Bakano da zancen teku?

Amsar biyu ce. Ta farko, da wuya a sami unguwa a cikin birni, daga Yakasai zuwa Ƙoƙi, daga Mandawari zuwa Madabo, wadda ba ta da ɗa a kurmi. Tun zamanin fataucin goro mutanenmu ke gangarawa kudu, da jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas a 1912 kuwa sai hanya ta ƙara buɗewa. Yau Hausawa na nan a Agege da Idi-Araba da Obalende, suna Fatakwal da Kwatano da Lome da Ankara. Wasu masu gadi ne, wasu 'yan tireda, wasu masu suya da shayi a bakin rairayi. Ta biyu, ƙa'idar da ruwan teku ke bi ita ce ruwan madatsar Tiga ke bi, ita ce kuma ruwan randa ke bi. Wanda ya fahimci ƙaramin ya fahimci babban.

1. Daga faranti zuwa kududdufi

Ku zuba shayi mai zafi a faranti ku hura. Za ku ga shayin ya lotsa a gefen bakinku, ya taru a ɗaya gefen, wani lokaci har ya zube. Da kun daina hurawa sai ya gangaro, ya ɗan wuce inda yake da farko, ya sake komawa, sannan ya natsu. Abu biyu ke nan kuka gani: iska ta tara ruwa a gefe, ruwa kuma ya yi kai-komo bayan an sake shi. Na farkon za mu kira shi toroƙo, na biyun lilo.

Kano birnin kududdufai ne. Asalinsu ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar ginin gidaje da ganuwa, ruwan damina ya zo ya cika su. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin ruwan Jakara da ke kusa da Kasuwar Kurmi. An cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai, amma har yanzu akwai saura. Wanda gidansa ke kusa da ɗaya ya lura da shi ranar da hadari ya haɗo daga gabas a farkon damina. Kafin ɗigon farko, iska mai ƙura ce ke isowa, ta kaɗa rufin kwano, ta tsinke igiyar shanya. Cikin 'yan mintuna kainuwa da leda da duk wata shara za su tattaru a gaɓar yamma. Ruwan ma can ya karkata, sai dai hawansa bai kai faɗin yatsa ba, shi ya sa ido ba ya kama shi. To me ke mayar da faɗin yatsa ya zama tsayin soro?

2. Abubuwa huɗu da ke girmama toroƙo

Na farko, ƙarfin iska. A nan akwai abin lura: in gudun iska ya ninka biyu, turin da take yi wa ruwa ninkawa huɗu yake yi. In ya ninka uku, turin ya ninka tara. Iska mai gudun kilomita 90 a awa ta fi mai gudun kilomita 30 turi sau tara. Guguwar teku kuwa tana iya wuce kilomita 200 a awa.

Na biyu, tsawon filin ruwan da iska ta bi ta kansa. Ku ɗauki kududdufi mai tsawon mita 200 da zurfin mita 2. Iskar hadari mai ƙarfi ba za ta ɗaga gefensa da santimita 1 cikakke ba. Wannan iskar dai, in ta sami ruwa mai zurfi iri ɗaya amma tsawonsa kilomita 50, ta kuma daɗe tana busawa, bambancin gefe da gefe zai wuce mita ɗaya da rabi. Kamar mai shara ne: in tsakar gidan na da faɗi, tarin da zai kai bakin zaure ya fi yawa.

Na uku, rashin zurfi. Mutane da yawa suna zaton ruwa mai zurfi ya fi haɗari ta kowace fuska. A zancen toroƙo akasin haka ne. Iska saman ruwa take turawa. Inda akwai zurfi, ruwan da aka turo yana samun hanyar nutsewa ya koma ta ƙarƙashi. Inda babu zurfi, ƙasa ta tare masa hanyar komawa, sai ya taru ya yi tudu ya hau gaɓa. In zurfi ya ragu da rabi, toroƙo ninkawa yake yi.

Na huɗu, siffar gaɓa. Ku tuna ranar Sallah, lokacin da jama'a suka taso daga filin Idi na Ƙofar Mata suka doshi lungunan birni. A fili kowa na tafiya a sake, a bakin lungu kuwa sai turereniya. Haka ruwa yake in an koro shi cikin mashigi mai siffar mazurari, wato baki da faɗi, ƙarshe a tsuke. Ba shi da wurin zuwa sai sama.

3. Ƙahon wanzami da lissafin wata

Bayan turin iska akwai wasu abubuwa biyu da ke ƙara wa ruwa tsayi.

Iskar da ke kanmu tana da nauyi, duk da ba ma jin sa. Tana danne kowane wuri mai faɗin farcen ɗan yatsa da nauyin kusan kilo ɗaya. Masana yanayi suna auna wannan nauyi da ma'aunin da ake kira miliba, kuma a bakin teku yakan kasance kusan 1,013. A tsakiyar guguwa nauyin yana raguwa. Wanda aka taɓa yi wa ƙaho ya san abin da ke biyo baya: wanzami ya kafa ƙaho, ya tsotse iskar ciki, fata ta kumburo ta bi ƙahon. Guguwa ƙaho ce a bayan teku. Duk raguwar miliba 1 tana ɗaga ruwa da kimanin santimita 1. In nauyin ya sauka zuwa 963, ruwa ya tashi da rabin mita ke nan, tun kafin a sa turin iska a lissafi.

Abu na biyu wata ne. Ko babu hadari, teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya. Cikar ba ta zama daidai kullum. Ta fi girma a lokaci biyu: kwanakin da wata ya ɓuya har zuwa tsayuwar sabo, da kwanakin da ya cika, wato wajen daren sha huɗu. A lokutan nan wata da rana suna kan layi ɗaya da duniya, jansu ya haɗu. Mu da ke ƙirga watan Musulunci don azumi da Sallah mun riga mun riƙe kalandar teku a ka. In guguwa ta iso gaɓa daidai lokacin babbar cika, nan ne ɓarna ke kai maƙura, domin an ɗora toroƙo a kan cika, raƙuman ruwa kuma suna hawa kan su biyun suna dukan gini.

Kada a haɗa wannan da tsunami, irin wadda ta auku a Tekun Indiya ranar 26 ga Disamba 2004. Ita girgizar ƙasa ce a ƙarƙashin teku ke haifar da ita, babu ruwanta da iska.

4. Lilon ruwa

Tambayi ɗan garuwa ko matar da ke ɗauko ruwa a ƙwarya. Sun san cewa ruwa na da nasa takun. In takun mai ɗauka ya zo daidai da na ruwan, kowane taku sai ya ƙara masa tangaɗi har ya fara fantsama. Shi ya sa ake sauya taku, ko a jefa ganye a saman ruwan don ya karya masa lilo. Direban tanka ma ya sani: tankar da ke rabi ta fi cikakkiya wuyar riƙewa, domin in ya taka birki ruwan ya ruga gaba, sannan ya dawo baya ya sake turo motar.

Tafki ma haka yake. Muddin iska na busawa, tana riƙe da tudun ruwa a gefe guda. Da ta kwanta ko ta juya, tudun sai ya gangaro gaba ɗaya ya nufi ɗaya gefen, ya hau can, ya sake dawowa. Yana iya yin kwanaki yana haka kafin ya natsu. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, François-Alphonse Forel, ya shafe shekaru a ƙarshen ƙarni na 19 yana auna wannan a Tafkin Janiba. Ruwan wannan tafki yana zuwa ya dawo cikin kimanin minti 73. A Tafkin Eri, tsakanin Amurka da Kanada, lilo ɗaya yana ɗaukar kimanin awa 14. Tsawon tafkin kilomita 388 ne, ba shi da zurfi sosai, kuma a kwance yake daidai hanyar iskar kudu maso yamma. In ta taso da ƙarfi, ruwa a birnin Bafalo yakan ɗara na Toledo, a ɗaya ƙarshen, da mita 4 ko fiye. Jiragen Toledo suna zaune a laka, titunan bakin ruwa na Bafalo suna cike.

Ana iya lissafa lokacin lilo. Gudun tudun ruwa ya dogara da zurfi:

zurfin mita 1: kimanin mita 3 a daƙiƙa
zurfin mita 2 da rabi: kimanin mita 5 a daƙiƙa
zurfin mita 10: kimanin mita 10 a daƙiƙa
zurfin mita 40: kimanin mita 20 a daƙiƙa

Ruwan zai je ne ya dawo, don haka a ninka tsawon tafki biyu, a raba da gudun. Misali na farko: kududdufi mai tsawon mita 200, zurfi mita 2 da rabi. Zuwa da dawowa mita 400. A raba 400 da 5, an sami daƙiƙa 80. Misali na biyu: tafki mai tsawon kilomita 20, zurfi mita 10. Zuwa da dawowa mita 40,000. A raba da 10, an sami daƙiƙa 4,000, wato awa ɗaya da kusan minti 7.

Ga darasin da ke cikin lissafin. Kwanciyar iska ba ta nufin ruwa ya gama. In ruwa ya janye da sauri bayan hadari har ƙasa ta bayyana a inda ba a saba gani ba, can ɗaya gefen ya tafi, kuma yana nan tafe.

5. Abin da Legas ta gani

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850. Allah ya taimake mu, manyan guguwar teku irin na Asiya da Amurka ba sa faɗo mata. Amma hadarin da ke tashi can nesa a kudancin Tekun Atlantika yana aiko da dogayen raƙuman ruwa, su yi tafiyar dubban kilomita su iso gaɓarmu, musamman a tsakiyar damina lokacin da iskar kudu maso yamma ke mara musu baya. In suka dace da babbar cika, sai ruwa ya shigo gari ko da sama garau take.

Hannun ɗan Adam ma ya taimaka. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulki suka fara jera dogayen shingayen duwatsu a mashigin tashar jiragen ruwa ta Legas don kada yashi ya toshe ta. Yashin bakin tekun nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Shingen ya tare shi, sai bakin rairayin Bar Beach, da ke gabas, ya daina samun sabon yashi. Teku ya yi ta cin sa har ya cinye fiye da kilomita ɗaya, ruwa ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello a tsibirin Biktoriya. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka gina doguwar ganuwar duwatsu da ke kare sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Ranar Asabar 18 ga Agusta 2012, kafin gari ya waye, teku ya haura rairayin Kuramo a Legas, ya rushe rumfuna da bukkokin da ke wurin, aka ba da rahoton ya tafi da mutum 16. Ku duba kwanan watan. Jajiberin Ƙaramar Sallah ce, wato ƙarshen watan azumi, daidai lokacin babbar cika. A jihar Ondo, garin Ayetoro da aka kafa a 1947 ya rasa babban ɓangarensa a cikin ruwa. A Keta ta ƙasar Gana, toroƙon watan Nuwamba 2021 ya raba dubban mutane da gidajensu.

6. Ƙasashen da suka sha wuya suka koyi darasi

Babu inda abubuwan da muka lissafa suka haɗu kamar Mashigin Bengal: siffar mazurari, ruwa marar zurfi, ƙasa shimfiɗaɗɗiya cike da jama'a. Daren 12 ga Nuwamba 1970, cikin watan azumi, wata ya kusa cika, guguwar Bhola ta kora teku cikin yankin da yanzu ake kira Bangaladash. Aƙalla mutum 300,000 suka rasu, mafi yawansu ruwa ne ya ci su. A watan Afrilu 1991 wata guguwar ta kashe kimanin 138,000. Ƙasar ba mai arziki ba ce, amma ta ɗauki matakin da take iyawa: dubban gine-ginen mafaka a kan dogayen ginshiƙai, waɗanda a ranakun lafiya makarantu ne, da dubban 'yan sa-kai masu zagaya ƙauyuka da lasifika. Da guguwar Amphan ta zo a Mayu 2020, an kwashe mutum sama da miliyan 2 tun kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba.

A Holan, daren 31 ga Janairu 1953, iskar arewa maso yamma ta tura ruwan Tekun Arewa cikin tsukakken ƙarshensa na kudu, ta dace da babbar cika. Shingayen da ke tare teku suka fashe mutane na barci, 1,836 suka mutu. Ƙasar ta shafe shekaru fiye da 40 tana gina madatsu. Mafi girmansu, wanda aka buɗe a 1986, yana da ƙofofin ƙarfe 62 da ake sauke su in an hango hadari.

Birnin Benis na Italiya kuwa lilo ne ke ƙara masa wahala. Yana ƙuryar Tekun Adiriyatik, wanda dogo ne kamar kwami. Iskar da ke turo masa ruwa daga wajen Sahara take tasowa. Lilon wannan teku yana ɗaukar kimanin awa 22, don haka ruwan da ya shiga gari yau yana iya komowa gobe ko da iska ta kwanta. Ranar 4 ga Nuwamba 1966 ruwa ya kai santimita 194 bisa ma'aunin birnin, ranar 12 ga Nuwamba 2019 ya kai 187. Tun watan Oktoba 2020 ake ɗaga ƙofofin ƙarfe daga ƙarƙashin ruwa ana tare shi.

7. Mu dawo gida

Ba mu da teku, amma muna da manyan ruwaye. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana da filin ruwa na kilomitoci masu yawa. Akwai Challawa da Watari da Bagauda, akwai Kainji da ruwansa ya kai har ƙasar Yawuri. A irin waɗannan toroƙo ba ya yin tsayin na teku. Abin tsoro shi ne igiyoyin da iskar hadari ke tayarwa cikin ƙanƙanin lokaci, waɗanda suka fi girma a gefen da iskar ta dosa. Jirgin da aka cika har ruwa ya kusa bakinsa, ƙaramar igiya ta ishe shi. Kano ba ta manta da 30 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da kwale-kwale mai lodi fiye da kima ya kife a ruwan Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Tafkin Chadi, inda masuntan Hausawa ke zuwa tun da daɗewa ta Baga, shi ya fi kama da misalinmu na ruwa mai faɗi marar zurfi. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, ya ragu ƙwarai tun daga farin shekarun 1970, kuma zurfinsa a yawancin wurare 'yan mitoci ne. Ƙasar da ke kewaye da shi shimfiɗe take kamar tabarma, don haka hawan taƙi ɗaya yana iya mamaye fili mai nisa.

Ga matakan da ya kamata a riƙe:

1. A saurari hasashen hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, a rediyo ko a waya, a kuma isar wa maƙwabta.
2. In hadari ya haɗo, kada a tsallaka ruwa. A jira ya wuce, a ƙara jira.
3. Kada a yi wa jirgi lodin da ya fi ƙarfinsa, kowa kuma ya sa rigar ruwa.
4. Mai rumfa a bakin teku ya kula da ƙarshen wata da tsakiyarsa, musamman da damina, kada ya kwana a rumfa.
5. In ruwa ya janye ba zato, a nufi tudu. Kada a bi kifin da ya bari a ƙasa.

Hira a Aji

Da aka zo nan, wani dattijo mai sayar da sirdi da linzami a Kasuwar Kurmi ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam, ina da yaro a Legas, yana suya a bakin ruwa, a rumfar yake kwana. Shekararsa shida can, bai taɓa ganin komai ba. In na ce ya tashi, cewa zai yi tsoron tsufa ne."

"Baba Alhaji, shekara shida a wurin teku kamar jiya ce. Kada ku ce ya bar sana'arsa. Ku ce masa ya nemi wurin kwana a tudu, ya riƙa duba wata."

"To, Malam, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa."

"Haka ne, Baba. Amma ku da kanku, in kun ga hadari ya haɗo, kuna barin fatunku a waje?"

Dattijon ya yi dariya. "Wa ya isa! Tun kafin iska ta iso na kwashe."

"To shi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Yau kwana nawa ga wata?" in ji dattijon, yana laluben wayarsa a aljihu.

Sababbin Kalmomi

toroƙo: hawan ruwa bisa yadda ya saba saboda turin iska da raguwar nauyinta
lilon ruwa: kai-komon ruwan tafki ko mashigi daga gefe zuwa gefe
cika da janyewa: hawa da saukar teku sau biyu a yini saboda jan wata da rana
babbar cika: cikar da ta fi girma, a ƙarshen wata da tsakiyarsa
miliba: ma'aunin nauyin iska
mashigi: ɓangaren teku da ya kutsa cikin ƙasa

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa huɗu da ke girmama toroƙo.
2. In gudun iska ya tashi daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, sau nawa turinta ya ninka?
3. Me ya sa ruwa marar zurfi ya fi yin toroƙo?
4. Nauyin iska ya sauka daga miliba 1,013 zuwa 983. Da santimita nawa ruwa zai tashi?
5. Tafki na da tsawon kilomita 6 da zurfin mita 10. Minti nawa lilonsa zai ɗauka?
6. Wace alaƙa ce tsakanin ranar da abin Kuramo ya faru da lissafin wata?
7. Me ya rage yawan mace-mace a Bangaladash tsakanin 1970 da 2020?

Aikin Gida

A sami babban daro a zuba ruwa tsayin yatsu biyu. A ɗaga gefe ɗaya kaɗan a sauke, a ƙirga sau nawa ruwan ya je ya dawo cikin daƙiƙa 10. A ƙara ruwa ya kai tsayin yatsu takwas, a sake gwadawa. Wanne ya fi sauri? Daga nan a sa faifai a yi wa ruwan fifita daga gefe guda, da ƙaramin ruwa da kuma babba, a lura da wanda ya fi hawa bango. A rubuta abin da aka gani cikin jimla biyar, a zo da shi aji. Wanda ke da ɗan'uwa a bakin teku ya tambaye shi a waya wane lokaci ruwa ya fi matsowa kusa da su, ya rubuto amsar tare da kwanan watan Musulunci.